Fartenon: ginin da aka lanƙwasa da gangan

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau ga ni a Atina, babban birnin Girka, a kan dutsen da ake kira Akrofolis. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, nan sama ba ta raga wa kowa. Wannan ginin na bayana shi ne Fartenon, wanda mutanen garin suka gina wa abar bautarsu Atena. An aza harsashinsa a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka gama a 432, zamanin Ferikles, jagoran garin a lokacin. Iktinos da Kalikrates ne suka zana shi, Fidiyas kuma ya jagoranci masu sassaƙa.

An hana hawa, ga igiya nan a gabana, don haka bari in duƙa in jawo muku hoton. Ku bi matakalar nan ta sama da ido, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kun ga tsakiyarta ta ɗan yi doro? To haka aka yi ta tun farko. A dogon gefen, tsakiya ta ɗara bakin da kimanin santimita 11, a gajeren kuma wajen 6. Yanzu ku ɗaga ido. Ginshiƙai 8 ne a gaba, 17 a gefe, kowanne ya haura mita 10, kuma duk sun ɗan karkata ciki. Kowanne yana da ɗan tumbi, sai ya tsuke a hankali yana hawa. Na kusurwa sun fi 'yan uwansu kauri kaɗan. Masana da yawa na ganin dalilin shi ne hasken sama da ke bayansu yana sa ido ya gan su sirara, sai aka ƙara musu jiki.

Abin da ya fi kama ni shi ne wahalar da wannan ya jawo wa magina. Tunda ƙasa ta yi doro, ginshiƙi ya karkata, kusan kowane dutse sai an sassaƙa shi daidai da gurbinsa shi kaɗai. Babu siminti, babu kwaɓi. Marmara ce aka jawo daga dutsen Fenteli, kimanin kilomita 16 daga nan, aka goge fuskokinta har suka haɗu ƙam, aka ɗaure da ƙarfe da aka lulluɓe da darma don kada ya yi tsatsa. Duk wannan a kan 'yan santimitocin da mai wucewa ba zai taɓa lura da su ba. Wallahi ina girmama mutanen nan. Kyau a wurinsu ma'auni ne, kowace gaɓa ta dace da 'yar uwarta, amma sun yarda idon ɗan Adam ne alƙali na ƙarshe, sai suka lanƙwasa lissafin ya bi shi.

Kada farin nan ya ruɗe ku kuma. Saman ginin da sassaƙe-sassaƙensa fenti ne da su, shuɗi da ja, kamar yadda ake ƙawata fuskar gidajen gargajiya a Zariya. Rana da ruwa ne suka wanke shi.

Ga babban giɓin nan na tsakiya. Ginin ya zama coci, daga baya masallaci a zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa. A 1687, lokacin da sojojin Benis (wani birni da ke Italiya a yau) suka kewaye wurin, harsashinsu ya faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki, tsakiyar ta tarwatse.

Waɗannan duwatsun da kuke gani a jere a ƙasa, da injin ɗaga kaya, aikin gyara ne da ake yi tun 1975. Gyaran da aka yi a farkon ƙarni na 20 ya sa ƙarfe tsirara, ya yi tsatsa ya kumbura ya tsattsaga marmarar, wasu duwatsun ma an ɗora su inda ba nasu ba. Yanzu ana sauke su ɗaya bayan ɗaya, a gano asalin gurbin kowanne, a ɗaure da titaniyom, wani ƙarfe da ba ya tsatsa. Inda wani yanki ya ɓace, a ciko da sabuwar marmara daga Fenteli. Ku dubi ginshiƙin can na gefen arewa, farin fat ɗin sabo ne, mai ruwan zuma shi ne tsohon. Mu zagaya can ku ga yadda suka haɗa su.