Mintunan da Likitan Sa Barci Ya Fi Tsoro a Tiyatar Ciki

Akwai wani ɗan bututun roba da likitan sa barci ke zura wa majinyaci a maƙogwaro, kaurinsa kamar yatsa. Ta cikinsa majinyaci zai yi numfashi har a gama aiki. A bakin bututun na ƙasa akwai wani ɗan balo da ake hura wa iska ya toshe maƙogwaro ruf, kada komai ya gangara huhu. Tsakanin lokacin da barci ya ɗauke mutum da lokacin da aka hura balon nan, a nan haɗarin yake.

Mai ido biyu, idan abu ya bi masa ta hanyar iska, tari zai turnuƙe shi ya fitar. Wanda aka yi wa allurar barci kuwa ba tari, ba haɗiya. In akwai saura a tumbinsa, sai ya taso shiru ya zube cikin huhu, ruwan tsamin ciki ya ƙona shi. Tun 1946 likita Curtis Mendelson ya bayyana wannan a kan mata masu haihuwa.

Shi ya sa ake ƙirga awanni. Nama da soyayyen abinci, awa 8 kafin aiki. Abinci mara nauyi, awa 6. Ruwa zalla ko shayi ba madara, ana iya sha har saura awa 2. Madara fa abinci ce, domin dunƙulewa take yi a ciki. Kuma in an ci, a faɗa. Gara a ɗaga aikin da a ɓoye loma ɗaya.

Amma wanda hanjinsa ya toshe, ko kwana ya yi bai ci ba, cikinsa cike yake da ruwa. Sai a zura masa roba ta hanci a zuƙe, a yi masa ƙarin ruwa ta jijiya, don amai ya riga ya tsotse shi. Sannan a kifa masa abin shaƙar oksijin a fuska kamar minti 3, huhu ya cika fal. Maganin barci da mai sakin tsoka su shiga a jere, cikin kusan minti ɗaya bututu ya zauna.

Shiri dai tun makonni yake farawa. Taba, a bar ta aƙalla mako 4. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, yakan dakata kwana 5, amma da umarnin likita, kada ya yanke wa kansa. A faɗi duk maganin da ake sha, har na gargajiya. Haƙori mai girgiɗi ma a nuna shi, ƙarfen leƙa maƙogwaro na iya fizge shi. In wani a dangi ya taɓa shiga mawuyacin hali bayan allurar barci, wannan labari ne babba, akwai nau'in da ake gado.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana shiga jijiya cikin minti 60 kafin wuƙa ta taɓa fata. Ana lulluɓe jiki da bargon ɗumi don kada zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 36, saboda jini mai sanyi ba ya saurin daskarewa.

Akwai kuma wata siririyar roba da ake sakawa a gadon baya kafin barci. Ta nan maganin kashe zafi ke ɗiga kwana biyu zuwa uku. Wanda aka yi wa yanka a ciki, in yana jin zafi, numfashi sama-sama yake yi, majina ta taru a ƙirji. Da robar nan sai ya dafa matashi a kan ɗinkin, ya ja dogon numfashi, ya yi tari.