Whitby: Garin da Jiragen Kwal Suka Gina

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin Ingila, sunansa Whitby, a daidai inda kogin Esk yake faɗawa Tekun Arewa.

Baƙo in ya iso, kangon da ke kan tsauni ne yake fara ɗauke masa ido. Gidan ibada ne na Kirista da aka kafa a 657, wata mata mai suna Hilda ce ta shugabance shi. A nan aka yi babban taro a 664 kan yadda za a riƙa lissafin ranar Ista. Sarki Henry na 8 ya rufe shi a 1539, jiragen yaƙin Jamus kuma suka ƙara masa rauni a Disambar 1914. To amma ni so nake mu gangaro ƙasa, bakin ruwa, domin arzikin garin daga can ya fito.

A ƙarni na 18 Landan tana cin kwal ba ƙaƙƙautawa, ana kwaso shi daga yankin Newcastle ta teku. Maƙeran Whitby suka ƙware a wani irin jirgi mai faɗin ciki, gindinsa a shimfiɗe. Ba shi da kyan gani, ba shi da gudu. Amma yana ɗaukar kaya, kuma in ruwa ya janye sai ya zauna daram a kan yashi ba tare da ya kife ba. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi yanzun nan.

A irin waɗannan jirage wani saurayi, James Cook, ya koyi aiki a hannun John Walker, mai jiragen kwal. Gidan Walker na nan a lungun Grape Lane, yanzu gidan tarihi ne. Da rundunar ruwa ta tura Cook Tekun Fasifik a 1768, jirgin kwal aka ba shi, ƙirar Whitby ta 1764, aka sauya masa suna zuwa Endeavour. A 1770 jirgin ya hau duwatsun murjani a gabar Ostareliya ya ɓule. Me ya cece su? Wancan shimfiɗaɗɗen gindin. Suka jawo shi bakin wani kogi, suka kwantar da shi, suka gyara. Sai dai dole in faɗa, a tafiyar nan Cook ya ayyana gabashin Ostareliya a matsayin mallakin Birtaniya, alhali ƙasar na da masu ita. Abin da Whitby ke alfahari da shi, ga 'yan asalin can mafarin rasa ƙasa ne.

Yanzu ku hau matakala 199 zuwa cocin St Mary. Abin da ya fi burge ni a duk garin yana cikinta. Katako ne ko'ina: kujeru masu ƙofa kamar akwatuna, baranda a kan baranda, tagogi a rufi. Kai ka ce cikin jirgi ka shiga. Garin kafintocin jirgi ne, ba mamaki ɗakin ibadarsu ya ɗauko kamannin sana'arsu.

Sun yi farautar kifin whale a yankin Girinlan tun daga 1753, don mai da ƙashi. Shi ya sa za ku ga wata ƙofa da aka yi da muƙamuƙin kifin a tsaunin yamma. Teku kuwa ta karɓi nata kason. Ranar 9 ga Fabrairu, 1861, kwalekwalen ceto na garin ya kife a guguwa, mutum 12 suka mutu a idon jama'a. Henry Freeman kaɗai ya tsira, saboda yana sanye da sabuwar rigar ceto ta ɓawon itace.

Da jirage suka koma na ƙarfe suka ƙara girma, tashar ta yi musu kaɗan, ciniki ya koma wasu garuruwa. A ganina, wannan koma-bayan ne ya bar mana tsofaffin lunguna da gidaje masu jan rufi. Abin da ke damuna yau shi ne tsaunin da cocin ke kai, yana zaizayewa. A 2012 ƙasa ta zabtare a maƙabartar cocin har ƙasusuwan mamata suka bayyana, ga kuma gidajen titin Henrietta a ƙarƙashi.