Kafin Ka Tare a Gidan Haya a Kano: Ina Ikon Mai Kula da Gida Ya Tsaya?

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da wannan lokaci.

Mu ƙaddara ranar Asabar ce, bayan la'asar. Akori-kura biyu sun tsaya a bakin get ɗin wani bene a Hotoro, an ɗaure gadaje da kujeru da igiya. Ga 'yan jere sun sauko daga Adaidaita Sahu da buhunan labule, ga kafinta da jakar kayan aikinsa. Ɗaurin aure saura kwana biyu. Sai maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce: "Hajiya, ku yi haƙuri, an ce kada in buɗe sai mai kula da gida ya zo." Gwaggon amarya ta ce: "Haba Baba, gidan da ango ya biya kuɗin shekara cif?" Aka kira ango, ango ya kira dillali, dillali ya ce shi nasa aikin ya ƙare tun ranar da aka ba shi la'adarsa.

A irin wannan rana ne mutane da yawa suke fara jin cewa akwai wani mutum tsakaninsu da mai gida. A kansa za mu yi magana yau: wane ne shi, me yake da ikon hanawa, kuma a ina ikon nasa ya ƙare.

Mu fara raba mutum uku da ake yawan cakuɗawa. Mai gida shi ne mai mallaka. Dillali shi ne ya nuna maka gidan, ya haɗa ku, ya karɓi la'ada, wadda a al'ada takan kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya. Shi kuwa mai kula da gida wakili ne da mai gida ya ajiye domin ya tsaya a madadinsa yau da gobe. Wani lokaci ƙanin mai gidan ne, wani lokaci tsohon ɗan haya ne da aka amince da shi, a manyan rukunin gidaje irin na Nasarawa da Bompai kuma yakan zama lauya ko kamfanin kula da kadarori mai ofis da rasit. Sau da yawa a Kano dillalin ne yake zarcewa ya zama mai kula, shi ya sa ake rikicewa.

Dalilin ajiye shi a fili yake. Mai benen yana Kantin Kwari daga safe har magariba, ko yana aiki a Abuja, ko ma ya rasu gidan ya zama na magada. Bene mai filat shida ko takwas kuwa ba ya tafiyar da kansa. Dole a sami wanda zai kunna injin bohol ya cika tankin sama, ya tara kuɗin maigadi, ya kira masu yashe shadda idan ta cika, ya hana maƙwabcin sama ajiye janareto a ƙarƙashin tagar na ƙasa. Bahaushe ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ina ganin wanda yake wannan aiki tsakaninsa da Allah ya cancanci a girmama shi, domin shi ne yake kwasar ɓacin ran kowa.

Amma ikon da yake hannunsa na aro ne. A shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka, wakili ba ya wuce abin da aka wakilta shi a kai. Idan an ce masa ya kula da tsafta da gyara, wannan bai ba shi damar ƙara kuɗin haya ba. Idan an ce ya karɓi haya, wannan bai ba shi damar tashin mutum ba. Saboda haka tambayar farko, tun kafin sisin kwabo ya bar hannunka, ita ce: "Malam, ko zan iya ganin takardar da Alhaji ya wakilta ka da ita?" Babu raini a cikin wannan tambaya. Idan babu takarda, ka nemi a haɗa ka da mai gidan ido da ido, ko aƙalla a waya, ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu cewa wane ne yake karɓar masa kuɗi. Gidan magada ya fi buƙatar wannan taka-tsantsan. Kana iya biyan babban wa, bayan wata biyu ƙaninsa ya zo ya ce shi bai san zancen ba.

Kuɗin ma ya tafi ta banki, zuwa asusun da aka rubuta a yarjejeniya, a ba ka rasit mai ɗauke da sunanka, adireshin gidan, lambar filat ɗin, da ranar da hayar ta fara da ranar da za ta ƙare. Ka kula da ranar farawar nan sosai. Akwai masu fara ƙirga maka daga ranar da ka biya, alhali ba a ba ka makulli ba sai bayan mako uku saboda ana fenti. Ka nemi a rubuta cewa haya tana farawa daga ranar da makulli ya shiga hannunka.

Sai tambayoyin da za a yi maka kafin a yarda da kai. Za a nemi hotonka, da lambar NIN, da wurin aikinka ko rumfarka a kasuwa, da mutumin da zai tsaya maka. Wasu za su ce sai an kai ka wajen mai unguwa ya san da zuwanka. Wannan tsohuwar al'ada ce a tsarin masarautar Kano, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, kuma matsalar tsaro ta ƙara mata ƙarfi. Shawarata ka je da kanka, ka durƙusa ka ce: "Ranka ya daɗe, ni ne sabon ɗan haya a gidan Alhaji wane." Ranar da wata matsala ta taso, zai zama ya riga ya san fuskarka.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan mataki. Saurayi mai sana'a ya zo a ce ba a ba gwauro. Bazawara da 'ya'yanta, ko ma'aikaciyar asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Kano, su yi ta yawo daga Kabuga zuwa Tarauni ana ce musu sai da miji. Gaskiya ne mai gida yana da zaɓin wanda zai ba wa gidansa, kuma na san tsoron da ke bayan wannan. Amma mai tsaya wa mutum da shaidar mai unguwa ai don maganin wannan tsoron aka tanade su. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne a karɓi kuɗin mutum, an san ko shi wane ne, sannan daga baya a fito da sharaɗin da zai kore shi.

Wannan ya dawo da mu ga 'yan jeren da muka bari a bakin get. Dokokin tarewa, yawancinsu suna da ma'ana idan an bayyana su. A sanar da mai kula ranar shigo da kaya, domin a buɗe babban get kuma maƙwabta su janye motocinsu. Kada a shigo da kaya cikin dare. 'Yan dako su kula da matattakala da ƙarfen riƙewa. Inda aka fi samun rigima shi ne bango. Jeren amarya a Kano yanzu ba labule da kafet kaɗai ba ne: za a kafa durowar kicin, a huda bango a rataye talabijin, a fasa wajen bututun esi, wani lokaci a canja fenti gaba ɗaya, a ɗora faranti mai amfani da hasken rana a kan rufi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan taɓa jikin ginin ne, kuma ginin ba naka ba ne. Mai kula yana da cikakken iko ya ce sai da izini. Ka nemi izinin tun da wuri, a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, kuma a fayyace: idan za ka tashi, durowar taka ce za ka cire, ko za a bar ta a rage maka wani abu? Ango ya sanar da dangin amarya waɗannan sharuɗɗa tun kafin ranar jere, domin su ba su ga yarjejeniyar ba, kuma su ne za su zo da kafinta.

Ma'aunin da nake amfani da shi a nan mai sauƙi ne. Duk dokar da aka nuna maka kafin ka biya, ka karanta, ka sa hannu, ta hau kanka, ko lokacin rufe get ne, ko hana kiwon awaki, ko hana kafa rumfar biki a tsakar gida. Wadda aka ƙirƙiro bayan ka tare kuwa, musamman idan da kuɗi a cikinta, sai an zauna an tattauna. Haka kuɗin hidima: a faɗa maka nawa ne, me ya ƙunsa, kuma a riƙa nuna wa 'yan haya lissafin man injin ruwa da albashin maigadi da kuɗin kwashe shara.

Ranar karɓar makulli, kada ka yi gaggawa. Ka zaga da mai kula ɗaki-ɗaki, wayarka tana ɗaukar bidiyo. Buɗe kowane famfo, ja ruwan banɗaki, gwada kowace taga da sakata. Ɗaga kai ka dubi silin. Tabon ruwa yana ba ka labarin abin da zai faru a watan Agusta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tsohon mai ɗakin ya riga ya tafi. Wannan bidiyo shi ne zai dawo maka da kuɗin ajiyar da aka karɓa saboda ɓarna. In babu shi, tsagewar tayil ɗin da ka tarar za ta koma taka.

Sai mitar wuta. Ka rubuta lambarta, ka tambayi ko kowane filat da tasa ko ta haɗaka ce. Ka je ofishin kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO mafi kusa ka duba ko akwai tsohon bashi a kan asusun, domin idan akwai, kana iya sayen wutar kati ka ga an zabtare wani kaso. A rubuta a yarjejeniya wanda zai ɗauki wannan bashi. Ka kuma tambayi rukunin da layin unguwar yake, domin tun watan Afrilun 2024 masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, suna biyan farashi mai tsada fiye da sauran. Idan mitar haɗaka ce, ka san yadda ake rabon tun yanzu, kafin mai firiza uku ya ce a raba daidai.

Yanzu ga iyakar da nake so kowa ya riƙe. Daga ranar da ka karɓi makulli, cikin filat ɗin nan gidanka ne har wa'adinka ya cika. Mai kula yana da iko a kan get, da tsakar gida, da tanki, da matattakala. A bakin ƙofarka sai ya yi sallama. Ko da yana riƙe da makulli na biyu, ba shi da damar buɗewa ya shiga ba ka nan, sai dai lalura irin ta gobara ko fashewar bututu. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da neman izini, kuma duk wanda ya tashi a Kano ya saba ganin "Ba a shiga" a jikin zaure. Idan gyara za a yi, ya sanar da maigidan da ke haya a filat ɗin, a sa lokacin da yake nan. Mutane da yawa suna canja kan makulli a ranar farko, su ajiye tsohon su mayar idan za su tashi, kuma ban ga laifin hakan ba idan an sanar.

Haka nan idan an saɓa, ko da bashin haya ne a kanka, mai kula ba shi da ikon yanke maka ruwa ko wuta don ya matsa maka, ko ya cire ƙofa, ko ya sa kwaɗo, ko ya watso kayanka waje. Tashin ɗan haya yana da hanya. Idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi na daban ba, abin da aka sani a dokokin haya na Najeriya shi ne notis na wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata uku ga mai biya duk wata uku, wata shida ga mai hayar shekara-shekara. Bayan ya cika sai a ba da wata takarda ta kwana 7, sannan a tafi kotu, kuma alƙali ne kaɗai zai ba da umarnin fitar da mutum. Amma ka karanta takardarka da kyau: idan ta rage wa'adin kuma ka sa hannu, abin da ka sa wa hannu shi zai yi aiki, idan kuma an rubuta haya ce ta ƙayyadadden lokaci daga rana kaza zuwa rana kaza, tana ƙarewa da kanta, takardar kwana 7 ce kawai ta rage. Wakilin da zai ba da irin wannan notis a madadin mai gida ma, ana buƙatar ya kasance da izininsa a rubuce. Kun ga mun sake dawowa kan takardar nan da muka ce a nema tun ranar farko.

Barazanar kiran 'yan sanda a kan kuɗin haya kuwa ba ta da tushe, domin dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Kafin a kai ga kotu, akwai mai unguwa, akwai limamin masallacin layinku, akwai hukumar Hisba, akwai kuma cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha. Duk inda za ka je a cikinsu, ka riƙe yarjejeniyarka, da rasit ɗinka, da bidiyon da ka ɗauka ranar da aka miƙa maka makulli.