Bayan Bikin Yaye Ɗalibai, Ina Matashin Ya Nufa?

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan shirye-shiryen koya wa matasa sana'a ne, musamman abin da ke biyo baya idan an tafa, an ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

Tsari a takarda dai ba a rasa shi ba. A 2006 shugabannin Afirka suka amince da Yarjejeniyar Matasa a birnin Banjul, wadda ta ce duk mai shekara 15 zuwa 35 matashi ne, ta kuma ɗora wa gwamnatoci nauyin ba shi horo da hanyar samun aiki. A Najeriya hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, tana nan tun 1971, hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, kuma tun 1986. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya ɗauki mutum dubu 500 a rukuni biyu na farko, ana biyan kowa naira dubu 30 a wata, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake dubu 18. Kuɗin ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma da aka sallame su a 2020, da yawa sun koma inda suka fito, domin an tsara ranar shiga da kyau, ba a tsara ranar fita ba.

A nan gizo ke saƙar, kuma ɗinki ya isa misali, tunda kusan kowace jiha shi take fara rabawa. Ana tara matasa wata uku, a ba kowa keken ɗinki da takardar shaida. Duk telan da ya san aikinsa zai gaya maka cewa a wata uku yaro bai wuce saka zare da ɗinka layi miƙaƙƙe ba. Yanka, wanda shi ne zuciyar sana'ar, yana cin shekara biyu ko fiye a gaban maigida. Wa zai miƙa shaddar sallarsa ga wanda bai taɓa yanka wuyan riga ba? Ga shi keke kaɗai ba ya buɗe shago. Ana bukatar teburin yanka, almakashi mai kyau, dutsen guga, keken da ke kame bakin yadi, kuɗin haya da ake biya na shekara gaba ɗaya, da abin da zai ci kafin ya yi kwastoma. Idan babu waɗannan, keken kasuwa zai tafi, a sayar da shi ƙasa da kuɗinsa. Sai a ce matasa ba sa son aiki, alhali lissafin ne bai fita ba tun farko.

Mai walda kuma matsalarsa wuta ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin walda a garin da babu lantarki ya zama kayan ajiya, domin kuɗin man janareta yana cinye ribar ƙofa ɗaya.

Akwai kuma yadda ake zaɓen masu cin gajiyar. Idan sunaye daga hannun ɗan siyasa suka fito, za ka samu wanda ya zo don kuɗin mota kawai, mai sha'awar sana'ar kuwa yana gida.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba, domin tsarin yana nan a kasuwanninmu. A Kantin Kwari da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, maigida yana riƙe yaro shekaru, ya koya masa aiki da mu'amala, ya haɗa shi da masu saye, sannan ya sallame shi da jari. Gwamnati ta hau kan wannan. A biya maigida kashi uku: na farko ranar da ya karɓi yaro, na biyu idan yaron ya ci jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, na ƙarshe sai an tabbatar ya yi wata shida yana aiki. Kayan aiki kada su zama kyauta ranar biki. A rubuta lambarsu, su zama mallakarsa bayan shekara guda yana amfani da su. Mutum biyar su haɗa shago ɗaya, haya da wuta su yi sauƙi. Kafin a buɗe aji ma a zagaya garin: inda kowane lungu akwai tela, a koyar da haɗa sola ko gyaran famfon burtsatse. 'Yan mata da matan aure a kai musu horon cikin unguwa, a hannun mace, in ba haka ba rabin ajin zai watse kafin wata ya ƙare.

Sannan gwamnati ta zama mai sayen farko. Kayan makarantar firamare, bencina da tagogin azuzuwa, a ware wani kaso na kwangilarsu ga waɗanda aka yaye, a kuma biya su kan lokaci, domin ƙaramin jari ba ya jure bashin wata shida.

Ga 'yan majalisa masu amincewa da kasafin waɗannan shirye-shirye, kafin ku sa hannu kan na baɗi, ku nemi jerin waɗanda aka yaye bara da lambobin wayarsu, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. A kira su, a tambayi kowa ko kayan aikinsa na hannunsa, da nawa ya samu a watan jiya.