Yaron da ke bencin baya: laccar da aka yi wa iyayen yara a wata lakwal ta Misiyo a Maraɗi

Assalamu alaikum. Mushe darakta, malamai, iyayena mata da iyayena maza, sannunku da fitowa cikin ranar nan. Na baya kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana kan tallafin da ake ba yara bayan darasin aji, da abubuwan ƙarin ilmi. Abu biyar na rubuto a takarda, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya kafin magariba, in Allah ya yarda.

Kun san lakwal ɗin nan ta cocin Katolika ce. Maraɗi ta samu nata bishop a 2001, Ambroise Ouédraogo, kuma yankin bishop na Maraɗi ya haɗa har Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa. Ƙasa mai faɗi, Kiristoci kaɗan. Ku dubi ɗakin nan, ku dubi huluna da mayafai, za ku ga mafi yawanmu Musulmi ne. Saboda haka in na ce tallafi, ɗiyanmu duka nake nufi, ba na wani ɓangare ba.

Na farko, karatu. Nan za ku yi haƙuri da ni, don nan zuciyata take.

A 2014 an yi wani babban gwaji a ƙasashe masu amfani da Faransanci, PASEC ake ce masa. A Nijar, cikin yara 100 da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su cika 10 ba. Ku sake ji, ba su cika 10 ba. Yaro ya yi CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, shekara 6 yana ɗaukar jaka, a ba shi takarda ya kasa gaya maka abin da ke ciki. Za ku ce ai wannan a lakwal ta gwamnati ne, mu nan muna biya. E, nan da sauƙi. Amma wallahi kowane aji yana da bencin baya.

Na taɓa shiga wani ajin CE2, a wata lakwal, ba wannan ba, darakta kwantar da hankalinka. (dariya) Yarinya ta tashi ta karanta darasin ranar tsaf, murya kamar mai labarai a rediyo. Na matsa kusa, sai na ga yatsarta tana layi na biyu, bakinta yana layi na biyar. Hadda ta yi. Ta ji 'yan ajin sun maimaita sau da yawa, ta riƙe. Na buɗe wani shafi na ce bismillah, sai ta sunkuyar da kai. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, wanda ya haddace shafi guda da kunne kawai ai kwanya gare shi. Ba a dai taɓa zama da ita ita kaɗai an ga inda ta tsaya ba.

To me ake yi? Malam ya zauna da yaro ɗaya, da takarda ɗaya. A sama baƙaƙe, ƙasa da su kalmomi, sai 'yan layuka, sai ɗan labari. Inda yaro ya cije, nan ne matakinsa. Minti kaɗan ne. Daga nan a raba yara bisa matakinsu, ba bisa ajinsu ba. Ɗan CM1 da bai san baƙaƙe ba ya zauna da ɗan CP da bai san baƙaƙe ba, awa guda, a koya musu baƙaƙe. Ya wuce, a ɗaga shi rukuni na gaba. Wata ƙungiya ta Indiya mai suna Pratham ce ta yaɗa dabarar, kuma nan gida shirin nan na Lakwal don Kowa, wanda Japan ta tallafa, da ya fara a Tawa a 2004, ya yi aiki da irinta tare da kwamitocin iyaye. Ba ta buƙatar kwamfuta. Allo, alli, tabarma, inuwar bedi.

Wahalar ba a wurin yaran take ba, a wurinmu iyaye take. Alhaji ya ji an zaunar da ɗansa na CM1 da ƙananan yara, gobe da safe yana ofishin darakta, babbar riga tana tashi: an wulakanta mini yaro! Alhaji, wulakancin shi ne ya kai jarrabawar satifiket bai iya karanta tambayar ba.

Kuma da wane harshe za a fara? Ni dai ra'ayina, da Hausa. Na ga wasu sun ɓata fuska. Na sani, kuɗi kuka biya don Faransanci. Amma yaro ya zo CI da Hausa cike da bakinsa, an ɗora masa aiki biyu lokaci guda: ya koyi yadda baƙi ke zama sauti, ya kuma koyi harshen da bai taɓa ji ba. Ka rubuta masa "baba", "tuwo", "rago", ya haɗa da kansa, ya ji abin da ya sani, ka ga idonsa ya buɗe. Ranar da ya gane harafin b da harafin a suna ba da "ba", ya gane har abada, da shi zai shiga Faransancin. Ba sabon abu ba ne. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilmi ta 1998 ma ta ba harsunanmu wuri a aji. Af, na tuna, masu ɗaukar malamin gida da dare, ku riƙa leƙawa. In darasin safe kawai yake sa yaro ya maimaita, hadda kuke saye da kuɗinku.

Na huɗu... a'a, na biyu ko? Subhanallahi, lokaci. To da sauri.

Ciki. Yaron da ya fito ba koko ba ƙosai, ƙarfe goma ya gama aiki, musamman watan Afrilu da Mayu. Ƙungiyar iyaye mata ta duba waɗanda ba sa sayen komai lokacin hutun safe, a taimaka ba tare da an kira suna ba. Haka kuɗin lakwal: wanda shekara ta yi wa nauyi ya ga darakta a keɓe. Cocin yana da reshensa na agaji, CADEV, amma mu ma kada mu naɗe hannu, cikinku akwai manyan 'yan kasuwa, na gan ku. (dariya)

Sai lambu. Ɗan fili, zogale da salati da tumatir, yara su auna kwanaki da tsawon shuka, lissafi ke nan. A kai su Jiratawa su ga noman rani da idonsu. Sai akwatin littattafai a kowane aji, yaro ya ara ya kai gida. Ƙwallo, wasan kwaikwayo, waƙa, duk suna cikin takardata, mai jin kunya a aji sau da yawa a nan yake buɗe baki. Na biyar ɗin... Na'am, Hajiya? A ba ta abin magana.

(Wata uwa ta ce awar ƙarin tana cin karo da makarantar allo da Islamiyya, ita kuwa ba za ta cire ɗiyarta daga karatun Alƙur'ani ba.)

Hajiya, kin yi gaskiya, kuma kada ki cire ta. Babu wanda ya isa ya ce ki zaɓa tsakanin biyun. In aka sa awar nan bayan la'asar kullum, rabin yaran ba za su zo ba, kuma waɗanda aka fi so su zo su ne za a rasa. Amma makarantar allo ai tana hutu Alhamis da Juma'a. A sa ta yammacin Alhamis. Islamiyyu kuwa kowace da tsarinta, wasu Asabar da Lahadi suke cika, don haka safiyar Asabar ma sai an tambaya. Mushe darakta, a ba kowane yaro 'yar takarda ya kai gida, uwa ta faɗi ranakun da ɗanta ba shi da karatu, kafin a tsayar da rana. Malam na can yana girgiza kai, ka ce Alhamis malamai suna da taro? To ku zo nan gaba ku biyu, kai da Hajiya, mu duba kalandar tare. Sauran kada ku tashi tukuna, za a zagayo da takardar sunaye.