Busa a Nan: Yadda Lamba Ta Zama Shaida a Kotu

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da 'yan'uwa direbobi da nake hangowa can baya, sannunku da zuwa.

A da, ɗan sanda da idonsa da hancinsa yake kama direban da ya sha giya. Ya ce masa sauko, taka wannan layin, taɓa hancinka da yatsa. Idan aka je kotu ya ce, "Ranka ya daɗe, yana tangaɗi, bakinsa na wari." Lauya kuma ya miƙe ya ce gajiya ce, ko ciwon gwiwa. Ƙasar Norway ta gaji da wannan ja-in-ja, a 1936 ta kafa doka: duk wanda giya ta kai 0.05 cikin ɗari a jininsa ya yi laifi, ko da tafiyarsa tsaf take. A 1954 Robert Borkenstein, wani jami'in 'yan sandan jihar Indiana a Amurka, ya ƙera na'urar auna giya a numfashi, wadda ake busawa a bakin titi. Ingila ta shigo da irinta a 1967 ƙarƙashin ministar sufuri Barbara Castle, har masu shaye-shaye suka riƙa aika mata wasiƙun barazana.

To, ku lura da kyau, nan ne gizo ke saƙar. Doka tun asali a kan jini take magana, na'ura kuwa iska take aunawa. Shi ya sa jami'in yake ta cewa ci gaba da busawa, ci gaba: iskar can ƙasan huhu yake nema, wadda ta haɗu da jini. Sannan na'urar ta yi lissafi. A Amurka ana ɗauka cewa giyar da ke cikin mililita 1 na jini daidai take da wadda ke cikin mililita 2,100 na numfashi. Wannan matsakaici ne, jikin kowa ba ɗaya ba ne. Ga kuma giyar da ta maƙale a baki. Wanda ya kurkure baki da maganin da ke ɗauke da giya, ko ya yi gyatsa bayan ya sha, zai iya busa lamba mai yawa alhali jininsa bai kai haka ba. Saboda haka ake sa jami'i ya zuba wa mutum ido minti 15 zuwa 20 kafin gwaji. A Ingila ma gwajin da ake yi a titi na share fage ne kawai. A ofishin 'yan sanda ake busa sau biyu a babbar na'ura, kuma ƙaramar lambar ake ɗauka.

Sai lokaci. Hanta tana rage giyar da ke cikin jini da kusan 0.015 cikin ɗari a kowace awa. An tsare mutum ƙarfe 11 na dare, ba a gwada shi ba sai ƙarfe 1, nawa ne a jikinsa lokacin da yake riƙe da sitiyari? Masana sukan lissafa baya, da tsarin da Erik Widmark ɗan Sweden ya shimfiɗa. Amma lauya mai wayo zai ce wanda yake karewa ya sha ne dab da shiga mota, giyar ba ta gama shiga jini ba sai a ofishin 'yan sanda. Wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci dabara ce, alƙali ne zai tantance.

Ni a ganina, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne saita na'urar. Kamar ma'aunin mai sayar da nama ne: idan ya karkata, kowane mai saye ya cutu, kuma babu wanda zai gane da ido. A 2018 babbar kotun jihar New Jersey ta ce ba za a dogara da gwajin mutane sama da 20,000 ba, saboda an tsallake mataki ɗaya wajen saita na'urorin. Jihar Massachusetts ta faɗa irin wannan a 2023, mutane kusan 27,000. Cikinsu akwai mashaya na gaske da suka samu ƙofar fita, akwai kuma waɗanda aka ƙwace wa lasisi ba gaira ba dalili.

Wani zai ce, to in na ƙi busawa fa? Tun 1953 jihar New York ta toshe wannan: karɓar lasisi kanta amincewa ce da gwaji, ka ƙi, a riƙe lasisin. A 2016, a shari'ar Birchfield, Kotun Ƙolin Amurka ta raba abu biyu. Gwajin numfashi ana iya yi wa wanda aka kama ba tare da takardar izinin alƙali ba. Jini kuwa, tunda allura za a soka a jiki, sai da takarda.

Na ga wani Malam yana girgiza kai, kamar yana cewa mu nan ai ba matsalarmu ba ce. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana amfani da irin waɗannan na'urori, musamman a tashoshin mota lokacin bukukuwa. Amma direban da ya haɗiyi tiramadol da asuba don ya kai Legas ba tare da barci ba, ko wanda ya sha kodin, da gwamnati ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, zai busa na'urar ta nuna sifili, a miƙo masa takardunsa. Kama irinsa sai da gwajin jini ko fitsari ko yawu, sai da ɗakin gwaji kusa, da takardar da ke nuna hannun wa da wa samfurin ya bi har ya isa gaban alƙali.

Nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu.