Lacca: A Karanta Kundin Kwamfuta Kafin a Yi Mata Fomatin

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da 'yan'uwa masu gyaran kwamfuta da kuka zo daga sassan Kaduna, ina yi muku barka da zuwa.

Abin da ya fi damuna a wannan sana'a tamu shi ne gaggawar yi wa kwamfuta fomatin, wato goge abin da ke cikinta a sake saka mata Windows, da zarar ta fara mutuwa da kanta, alhali Windows tana rubuta abin da ya same ta a cikin kundi, da rana da lokaci, kuma fomatin ɗin ne yake shafe wannan shaida. Ana buɗe kundin ta manhajar Event Viewer, inda za a tarar da sashen System na ita kanta na'urar, da Application na manhajoji, da Security na tsaro.

Kowane rahoto yana da lamba, kuma wadda za ku fi cin karo da ita a garin nan, saboda yawan ɗauke wuta, ita ce 41 daga Kernel-Power, sashen Windows mai kula da wutar na'ura. Mutane da yawa suna ɗaukarta a matsayin cutar, alhali abin da take faɗa kawai shi ne na'urar ta tashi ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba. Don haka sai a shiga cikin bayanin a duba BugcheckCode, wato gurbin da ake rubuta lambar kuskuren da ya tsayar da Windows. Idan akwai lambar da ba sifiri ba a wurin, Windows ce ta faɗi, sai a bincika direba (manhajar da ke haɗa Windows da sassan na'ura) ko ram (ma'ajiyar wucin gadi ta na'urar). Idan sifiri ne, zargi ya fi karkata ga wuta, ko batiri, ko zafin da ƙurar hunturu ke jawowa idan ta toshe fanka. Daga nan a karanta abin da aka rubuta 'yan mintuna kafin mutuwar, domin sau da yawa a nan dalilin yake. Ba kowane rahoto mai jar alamar kuskure ne abin tayar da hankali ba.

Ta fuskar tsaro, 4624 na nufin an shiga asusun mai amfani da na'urar lafiya, 4625 kuwa an gwada an kasa. Idan 4625 ta jeru da tsakar dare, wani ne yake lalube. Lamba 1102 ta fi su nauyi, domin tana nuna an goge kundin tsaron ne gaba ɗaya.

Masu amfani da Linux maimakon Windows su nemi nasu kundin a foldar /var/log ko ta umarnin journalctl. Kowace kuke amfani da ita, ku daidaita agogon na'urar, ku kuma adana kwafin kundin a wani wuri, domin idan ya cika sabon rahoto yana hawa kan tsoho.